Madugu Jibo da Audugar Hajo

A Tudun Gamji, wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Bakori da Malumfashi, an yi wani mutum wai shi Jibo, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Madugu ba tare da ya taɓa jagorantar ko da akuya ba. Zamanin nan ne da mahara daga Maraɗi suka hana mutane sakat, kowane gari mai ganuwa da magariba ta yi sai ya ja ƙofarsa ya rufe, wanda ya makara kuwa ya kwana a waje da kuraye. A irin wannan zamani wanda ya san hanya yana da daraja, shi ya sa Jibo ya zaɓi wannan sana'a, amma da baki kawai. In ya zauna a gindin gamji ba ka jin komai sai Gwanja, sai Nufe, sai yadda ya kwana arba'in a dokar daji yana lasar raɓa. Alhali duk garin an san iyakar tafiyarsa. Sau ɗaya ya taɓa bin ayarin fatake, a Maska ƙaya ta soke shi a diddige, aka ɗoro shi a jaki aka maido shi gida yana kuka wiwi. Mutane sun gaji da tuna masa, shi kuwa bai gaji da faɗa ba.

To, Jibo yana son wata bazawara mai suna Hajo, so kuwa na gaske, wanda in ya hango ta a bakin rijiya har sai ya manta inda ya tsaya a labarin Gwanja. Mijinta ya rasu ya bar mata jakuna uku da gonar auduga, tana zaune da kawunta, wani tsoho mai ciwon gwiwa da ake kira Maitama. A shekarar nan tsuntsaye suka cinye mata dawa, audugar ce kaɗai ta yi kyau. Ta tsince ta, ta zauna ta gurje ta da hannunta har tafinta ya yi kanta, ta cika mangala uku. Da wannan audugar za ta je kasuwar Malumfashi ta samo hatsin da za su ci har damina, in babu ita kuwa babu tuwo a gidan.

Da Jibo ya ji labari sai ya sa malafa ya tafi wurin Maitama, ya durƙusa, ya ce shi zai kai su. Tsoho ya dube shi sama da ƙasa, ya tuna ba shi da wani namiji a gida, ga ɗari ana yi kamar ya tsaga ƙashi, ga gwiwa. Ya ce, "To, Jibo, ka daɗe kana damuna da maganar Hajo. Ka kai mu Malumfashi, mu da auduga, lafiya lau, in mun dawo in sa maka rana."

Jibo ya fito yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba. Kafin la'asar ya gaya wa kowa an ba shi Hajo, har ya fara zaɓen wanda zai yi masa abokin ango.

Kasuwa ran Juma'a take ci, don haka aka shirya tashi da asubar Alhamis, a isa kafin a rufe ƙofa, a kwana a cikin gari. Hajo ta fito da gwado biyu masu kauri, da gorar ruwa, da ƙwaryar fura, da ɗan kasko da ta rufe garwashi a ciki da toka, don ta san halin tafiyar ɗari. Jibo ya zo ya tsaya a kan kayan yana girgiza kai. Wai wannan shirin mata ne, wai a hanyar Gwanja in aka ga mutum da gwado korar shi ake yi daga ayari. Ya mayar da gwado ɗaya ɗaki, ya juye garwashi a bayan danga, ya nuna mata ƙyastunsa na ƙyasta wuta da ke cikin 'yar jaka a ƙugu, ya ce wutar duniya duk tana nan. Furar kuwa ya ɗaga ya shanye fiye da rabi, wai don a rage wa jakuna nauyi. Hajo ta buɗe baki za ta yi magana, kawunta ya yi mata ido, ta haɗiye.

Sai kuma aka shiga sallama. Gida gida Jibo ya bi, da takobinsa mai tsatsa a kafaɗa da layu har gwiwar hannu, yana neman gafara kamar mai tafiya Makka. Ba su bar ƙauyen ba sai da hantsi ya yi sosai.

Da suka kai mararraba, rana ta take tsaka, Maitama ya ce a bi babbar hanya a ɗaga ƙafa, ƙila a samu ƙofa a buɗe. Jibo ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce babbar hanya ta makafi ce, shi ya san wani yanke ta cikin daji wanda zai fito da su a bakin kasuwa kafin la'asar. Hajo ta tambaye shi yaushe ya bi ta. Ya ce Madugu ba ya bukatar ya taɓa bin hanya kafin ya san ta, ƙanshinta yake ji. Ya kaɗa jakuna suka faɗa cikin gamba.

Ba su yi nisa ba suka iske rafi. Ruwan bai kai gwiwa ba, Hajo ta tsallakar da jakuna ɗaya bayan ɗaya, ta riƙo hannun kawunta suka haye. Shi kuwa gogan naka ya ce su tsaya su ga tsallen fatake. Ya ja da baya, ya sheƙo a guje, ya yi sama, ya dira a kan wani dutse mai gansakuka, ƙafa ta tafi gabas, shi ya tafi yamma. Tsundum! Ya zauna a ruwa har ƙirji. Gorar ruwan da ya karɓa ya rataya ta fashe a ƙarƙashinsa. Ya fito yana tsiyaya, haƙora na haɗuwa, ya ce da gangan ya yi, yana gwada zurfin ne saboda dawowa.

Daga nan aka shiga yawo. Jibo ya jiƙa yatsa da yawu ya ɗaga sama, ya ce arewa tana nan. Aka bi nan. Can ya duƙa ya sinsina wani suri, ya ce a'a, ta ɗan matsa hagu. Suka wuce wata kuka mai rabin jiki a ƙone. Suka yi ta tafiya, ƙaya na yagar zane, tsoho na nishi, sai ga kuka mai rabin jiki a ƙone. Hajo ta tsaya.

Ta ce, "Malam Jibo, wannan kukar mun gaisa da ita ɗazu."

Ya ce, "Ƙanwarta ce. Dajin nan haka kukokinsa suke, biyu biyu."

Da suka iske ta a karo na uku, ga ma kashin jakinsu a gindinta bai bushe ba, Maitama ya zauna a kan saiwa ya ce shi dai ko 'yan uku ne ba ya ƙara taku ɗaya. Rana ta yi ja, ta faɗa bayan itatuwa, sanyi ya sauko musu gaba ɗaya. Hankalin Hajo ya tashi, don ta san tsohon nan ba zai kai safe a fili da gwado ɗaya ba.

Jibo dai ko a jikinsa, in ka cire rawar ɗari. Ya ce yanzu ne za su ga amfanin tafiya da Madugu. Ya sa aka sauke mangaloli, ya tara ƙirare, ya zaro jakar ƙyastu. Audugar rimin da ake tarar wuta da ita ta sha ruwa ta zama kamar tuwon jiya. Ya ƙyasta, ya ƙyasta, ya ƙyasta, har ya ƙyaste fatar babban yatsansa, ƙarfen ya kuɓuce ya faɗa cikin ciyawa, aka neme shi aka rasa. Ya ce ba komai, Nufawa sun koya masa murza itace. Ya durƙusa ya yi ta murza wani ɗanyen reshe a tafin hannu yana kiran sunayen waliyyai, har hannu ya yi bororo. Ko ɗumi reshen bai yi ba. Hajo ta ce da garwashinta yana nan da yanzu an wuce wurin. Ya ce ai laifin itacen ƙasar Katsina ne, ba shi da zuciya irin na Nufe.

Ana cikin haka sai gamba ta fara motsi, aka ji wani huci. Jibo ya ce kura ce, ya kai hannu ga takobi, takobi ya ce bai san zancen ba, tsatsa ta riƙe shi gam a kube. Ya ja, ya ja, da ya ga abin na matsowa sai ya yar da shi ya koma bayan Hajo ya riƙe gefen zanenta. Wata farar saniya ta leƙo, tana tuƙa. A bayanta ga wani Bafulatani dogo, magidanci, da sanda a kafaɗa, ya yi musu sallama ya ce sunansa Manu.

Manu ya dubi tsoho, ya dubi ƙiraren da ba wuta, ya dubi mutumin da ke leƙowa ta bayan mace. Sannan ya gaya musu rugarsu tana nan ƙetaren fadama, su zo su kwana, akwai wuta akwai nono. Malumfashi kuwa ga ta can bayan tsamiyoyi, in iska ta juyo har jin dakan matan garin ake yi, sai dai an riga an rufe ƙofa. Matsala ɗaya, fadamar akwai laka, jaki da kaya ba zai wuce ba sai ya kwanta a ciki.

Kunya ta kama Jibo, kishi kuma ya taso masa, don ya ga yadda Hajo ta saki fuska tana yi wa Manu godiya. Ya fito yana gyara malafa, ya ce shi dama ya san garin na nan, ya tsaya ne don jakuna su huta. Ruga kuwa su je, Madugu ba ya kwana a bukkar wani ya bar dukiyar ayari. Shi zai kwana a nan ya tsare auduga, kura in ta isa ta zo.

Hajo ba ta so ba, amma ga kawunta yana karkarwa. Manu ya je ya dawo da busasshen kashin shanu yana ci da wuta, ya haɗa wa Jibo wuta da hannunsa, ya ja mangalolin nesa, ta inda iska ke fitowa. Ya ce, "Kaɗo, ka ga inda na ajiye su, kada ka matso da su. Auduga in ta kama ba ta nunawa, a ciki take ci." Hajo ma ta maimaita masa har sau biyu, ta ce abincinsu ne na shekara. Jibo ya ce a Gwanja a kan buhun albarushi yake hura wuta. Suka ɗora tsoho a jaki, suka tafi da gwado, suka bar shi.

Ai kuwa suna ɓacewa ɗari ya ce ga ni. Wando jiƙe, riga jiƙe, iska na shiga ta nan tana fita ta can. Jibo ya takure, ya miƙe, ya yi tsalle, ya zagi Manu, ya zagi kukar nan. Can dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ba ta zuwa wa mai hankali. Ya jawo mangaloli ukun nan ya kewaye wuta da su, ya yi ɗan ɗaki. Bai tsaya nan ba, ya kwance bakin ɗaya ya yi ta dumbuzar auduga yana cusawa a cikin riga, gaba da baya, da cikin wando, ya ɗaure ƙugu da igiya, har ya koma kamar dokin da aka sa wa lifidi. Ɗumi ya ratsa shi. Ya kwanta yana yaba wa kansa, yana tsara yadda zai ba da labarin nan a gindin gamji.

Kiran sallar asuba daga Malumfashi ne ya tashe shi, rangaɗau kamar a kunnensa. Gari na wayewa ya jiyo muryar Hajo daga fadama. Ya duba, wuta ta kusa mutuwa, Madugu kuwa ba zai yarda a iske shi da mataccen murhu ba. Ya cire malafa ya yi ta fifita da iya ƙarfinsa, tartsatsi na tashi ko'ina, sannan ya juya wa wutar baya, ya ja mangaloli da sauri ya mayar inda Manu ya ajiye su, ya ɗaure bakinsu. Ta cikin rigarsa ce bai samu damar cirewa ba.

Maitama ya dube shi ya ce, "Jibo, kai kuwa ƙiba ka yi a dare ɗaya?"

Ya ce haka jikin Madugu yake, in ya ji daji sai ya buɗe. Hajo ta danna mangala ɗaya ta ji ta saki, ya ce sanyi ne ke sa auduga ta tsuke. Ta ce tana jin ƙauri, ya ce warin kashin shanun Bafulatanin nan ne ya kama kaya. Ba ta yarda ba, amma kasuwa na jira, aka ɗora wa jakuna. A hanya baƙin da ke cikin jakunan ya yi ta tirjiya yana harbin iska, Jibo ya yi ta zuba masa sanda yana ce masa malalaci. Ko rabin zango ba su yi ba sai ga ƙofar gari.

Kasuwa ta fara cika, kowa ya ƙudundune cikin mayafi yana hura hannu. Aka sauke mangala biyu a layin masu auduga, baƙin jakin ya ƙi tsayawa a sauke tasa, Hajo ta tafi kiran wani masaƙi da ya saba sayen kayanta. Jibo ya ga jama'a, bakinsa ya fara ƙaiƙayi. Ya hau kan wani kututture ya fara. Wai ya kwana shi kaɗai a dokar daji, kuraye bakwai sun kewaye shi, ya kalle su suka sunkuyar da kai. Wai ɗarin da ya kashe tsuntsaye a kan reshe jiya, shi ko atishawa bai yi ba, saboda wani sirri da ya samo a Gwanja.

Ya ce, "Ku dube ku, kuna karkarwa kamar kajin da aka jiƙa. Ni kuwa zufa nake yi. Wanda bai yarda ba ya zo ya taɓa bayana."

Wani mahauci ya zo ya taɓa, ya janye hannu da sauri, ya ce wallahi da zafi. Jama'a suka matso ana salati, har wani ya fara tambayar ko ana sayar da sirrin. Jibo ya ƙara buɗe kafaɗa. Shi kansa ya ji ɗumin ya fara wuce misali, amma ya ɗauka daɗin yabo ne. Wata mai ƙosai ce ta fara cewa, bawan Allah, sirrin naka hayaƙi yake yi ta wuyan riga.

Daidai nan masaƙi ya iso, ya kwance bakin mangala, ya zura hannu har gwiwa don ya ji laushin kaya. Ya ƙwala ihu ya fizge hannu. Iska na shiga, cikin mangalar da ya riga ya zama baƙin garwashi ya tashi bal! Aka kwance ta biyu don a ceci abin da ya saura, ita ma ta tashi. Baƙin jaki ya tsinke igiya, ya bi ta kan tukwanen wata mata, ya watsar da tallan daddawa, ya zarce kududdufin bayan kasuwa ya kwanta a cikin laka da kayansa.

Shi kuwa Madugu, wuta ta iso fata. Ya yi wata ƙara da ba a taɓa jin namiji ya yi ba, ya diro daga kututture ya zuba a guje, gudun kuma ya ƙara hura ta. Ya bi layin masu gishiri yana kiran uwarsa, hayaƙi na bin sa, mata na kwashe kaya, masu rumfunan ciyawa na korar sa da sanduna kada ya matso. Marina ne suka tare shi a bakin karofi. Ba su yarda su ɓata ruwan baba mai kyau a kansa ba, tsohon ruwan da ya ruɓe suka ɗebo, mai warin da ke korar ƙuda, suka sheƙa masa tulu uku. Aka danne shi aka yage rigar.

Auduga ta zubo. Ta gaba, ta baya, ta wando, tuli guda, rabi ƙonanniya rabi shuɗiya. Kasuwa ta fashe da dariya, har da masu faɗuwa. Mahaucin nan ya ɗaga dunƙule ɗaya ya nuna wa jama'a, ya ce ga sirrin Gwanja, wanda ke so ya zo ya saya.

Hajo ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana duban audugar da ta ɓata wata biyu tana gurza, ta dubi tafin hannunta, hawaye suka zubo mata. Baƙin cikinta ba wutar ba ce kaɗai, har da ganin inda aka fito da kayanta. Ta durƙusa ta tsince 'yar farar da ta rage, ba ta cika ƙwarya ba. Matan Manu da suka kawo nono kasuwa suka taya ta jawo jaki daga laka, masaƙi kuma don tausayi ya auna mata dawar da ba za ta wuce kwana goma ba.

Kai ka ce Jibo zai nemi rami ya shiga. Ina! Ya taso shuɗi tun daga gashi har ƙafa, yana wari, yana dafe da baya, ya iske su suna ɗaure jakuna. Ya ce wa Maitama, to Baba, alkawari dai an ce a kawo su Malumfashi, ga su kuwa a Malumfashi, ita auduga tsautsayi ne, ko a Gwanja ana yi. Saura maganar rana.

Tsoho ya ɗaga sanda, Hajo ta riƙe hannunsa. Ta ce, "Bar shi, Kawu, ni zan ba shi amsa." Ta juyo, ba ta ɗaga murya ba. "Malam Jibo, kana waje, ko sadaki ba ka kai ba, ka ƙone mini abincin shekara a dare ɗaya. Ɗakina na ciyawa ne, kawuna kuma ba ya iya gudu. Kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofar gidanmu."

Ta ɗora tsoho a jaki, ta kaɗa sauran, suka fita ta babbar hanya, ba ta waiwayo ba.

Jibo ya tsaya a tsakiyar kasuwa har suka ɓace. A nan ne abin ya shige shi, ya gane Hajo ta tafi ke nan, ya ji zafin da ya fi na bayansa. Ya juya zai bi su ko daga nesa, sai ya ga ƙofofin garin duk iri ɗaya ne, bai san ta wadda suka shigo ba. Ya lallaɓa wurin mai ƙosan nan, ya duƙa, ya yi ƙasa da murya ya tambaye ta hanyar Tudun Gamji.

Matar, wadda ta riga ta ji labarin tsallen rafi a bakin Maitama, ta ajiye matsami, ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya yadda har marina za su ji. Ta ce, "Jama'a, wa zai yi wajen Bakori? Ga Madugu nan a taimaka a raka shi gida, a riƙe masa hannu a wajen rafi."